Tarihin Firintar 3D Daga Bakin Mai Aiki da Ita

Kafin shekarun 1980, injiniyan da ya zana sabon abu na roba, ko marfin famfo ne ko akwatin rediyo, galibi ba shi da hanyar riƙe abin a hannunsa sai ya bi ta wurin masu sassaƙa mazubin ƙarfe. Zai kai musu zane, su kwashe makonni ko watanni suna yankan ƙarfe, a biya su kuɗi mai kauri, sannan a tura narkakkiyar roba cikin mazubin a ga abin da zai fito. In ramin noti ya kauce da rabin milimita, sai a koma baya a sake lale. Wannan ya sa injiniyoyin wancan zamani suka zama masu ɗari-ɗari da sabon tunani, domin kowane gwaji yana cin kasafin kamfani. Sana'ar da nake yi yau ta taso ne daga wannan ƙunci, wato neman hanyar da mutum zai yi kuskure da arha, ya gane shi da wuri, ya gyara kafin a kashe babban kuɗi.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Maimakon a ɗauki dunƙulen ƙarfe ko katako a yi ta ragewa har siffa ta fito, sai a fara daga babu, a riƙa ɗora abu sahu bisa sahu. Wanda ya taɓa kallon maginiyar tukwane tana murza yumɓu tana naɗa shi zobe kan zobe har tulu ya tashi, ya riga ya gane aikin. A nan kwamfuta ce ke yanka zanen zuwa sahu-sahu, kowane sahu kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita, ita ce kuma ke jan hannun injin.

Idan aka tashi ba da tarihin, yawanci da Ba'amurke Chuck Hull ake farawa, amma akwai waɗanda suka riga shi. Hideo Kodama, wani mai bincike a cibiyar masana'antu ta birnin Nagoya a Japan, ya wallafa bayani a 1981 kan yadda za a daskarar da wani irin ruwan roba da haske, sahu-sahu, har a samu siffa. Bai samu masu mara masa baya ba, neman haƙƙin mallakar ƙirƙirar da ya fara ma bai kai ƙarshe ba. A watan Yulin 1984 wasu Faransawa uku, Alain Le Méhauté da Olivier de Witte da Jean-Claude André, suka shigar da tasu takardar, sai kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu suka ga babu kasuwa a ciki, suka yi watsi da ita. Mako uku bayan nan, a watan Agusta, Hull ya shigar da tasa.

Hull yana aiki ne a wani ƙaramin kamfani a jihar Kalifoniya da ke amfani da fitilun haske na musamman wajen busar da fentin roba a saman tebur. Kullum yana ganin siririn ruwa ya koma abu mai tauri cikin daƙiƙoƙi, sai ya yi tunanin me zai hana a ɗora dubban irin wannan shimfiɗa a kan juna. Da dare da ranakun hutu ya riƙa gwadawa, har a 1983 ya fitar da wani ɗan ƙaramin kofi baƙi, wanda shi ne abu na farko da injinsa ya gina. An ba shi takardar mallaka a 1986, ya kafa kamfanin 3D Systems a shekarar, injin farko mai suna SLA-1 kuma ya shiga kasuwa kafin ƙarshen shekarun 1980. Abin da ya raba Hull da waɗanda suka riga shi, a ganina, shi ne bai tsaya kan sinadari kaɗai ba. Kamfaninsa ya fito da tsarin fayil na STL, wanda ke rufe jikin kowane zane da ƙananan kusurwa-uku domin injin ya iya karantawa. Har gobe, mafi yawan zanen da ke shigowa wurin aikinmu da wannan tsarin suke zuwa.

A daidai wannan lokaci wani ɗalibi a Jami'ar Texas da ke Austin, Carl Deckard, tare da malaminsa Joe Beaman, suna gwada wata hanyar: a shimfiɗa gari, hasken leza ya bi ta kai ya narkar da inda ake so, a sake shimfiɗa wani garin. Shi kuwa Scott Crump, a 1988 ya so ya yi wa 'yarsa kwaɗon wasa, ya cika bindigar gam mai zafi da haɗin roba da kakin kyandir, ya riƙa zuba shi layi-layi. Shi da matarsa Lisa suka kafa Stratasys a 1989. Hanyarsa ta narkar da zaren roba a matso shi ta ɗan siririn baki ita ce wadda yawancin mutane ke nufi yau idan sun ce firintar 3D.

To, sai aka shiga shekaru kusan ashirin da ba a cika ba da labarinsu ba, alhali su ne suka fi koya mini darasi. Fasahar tana nan, tana aiki, amma tana kulle. Kowace hanya akwai kamfanin da ke riƙe da takardarta, injin ɗaya yana cin ɗaruruwan dubban daloli ko aƙalla dubbai masu yawa, robar da za a zuba masa ma sai daga wurin kamfanin za ka saya. Masu ƙera motoci da jiragen sama suka amfana, domin sun rage watanni daga lokacin da suke ɗauka kafin su fitar da sabon samfuri. Masu yin na'urar taimaka wa ji suka koma gina kwanson na'urar da injin, saboda kunnen kowane mutum daban yake, kuma cikin 'yan shekaru kusan duk masana'antar ta bar aikin hannu. Masu gyaran jerin haƙora ma haka. Amma malamin kwalejin fasaha a Kaduna ko Maraɗi, ko bakanike mai basira a Kumasi, bai ma san da zancen ba. Ba na cikin masu cewa haƙƙin mallaka zalunci ne, domin wanda ya kashe ƙuruciyarsa kan ƙirƙira ya cancanci ya ci moriyarta. Sai dai abin da ya faru bayan takardun sun ƙare ya nuna yawan basirar da aka tare a bakin ƙofa tsawon wannan lokaci.

Wanda ya fara girgiza ƙofar wani malamin injiniya ne a Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer. A 2005 ya fara wani shiri da ya kira RepRap, da nufin a yi injin da zai iya buga yawancin sassan jikinsa na roba, ta yadda mai injin ɗaya zai buga wa maƙwabcinsa sassan wani. Ya sa dukkan zane-zanen a intanet kyauta, kowa ya ɗauka, ya canza, ya mayar. A watan Mayun 2008 injinsu na farko, mai suna Darwin, ya buga sassan da aka haɗa ɗansa da su. Injin ba shi da kyan gani, sandunan ƙarfe ne da notuna da wayoyi a waje, abin da yake bugawa kuma yana da kaushi. Amma sai ga shi a 2009 wa'adin babbar takardar Crump ya cika, kuma an riga an samu ƙananan allunan lantarki masu arha irin su Arduino da za su iya sarrafa motocin injin. A shekarar wasu matasa uku a Brooklyn suka kafa MakerBot, suna sayar da injin da mutum zai haɗa da kansa a kan dala 750. Wani matashi ɗan ƙasar Cek, Josef Prusa, ya sauƙaƙa zanen RepRap ya rage masa sassa, har ya fitar da samfurin i3 a 2012, wanda kamfanoni da yawa suka kwaikwaya. Da masana'antun birnin Shenzhen na Sin suka shigo, farashi ya faɗi warwas: a 2018 Creality ta fitar da Ender 3 a kan kusan dala 200.

Labarin da ya fi faranta mini rai a wannan zango daga Lome ya fito. A 2013 Kodjo Afate Gnikou, yana aiki a wata matattarar masu ƙirƙira da ake kira WoeLab, ya haɗa firintar 3D daga gawarwakin tsoffin kwamfutoci da firintoci da na'urorin sikana da ake jibgewa a bola. Motoci da sanduna da ƙarfen jiki duk daga nan ya tsinto su, 'yan abubuwa kaɗan ya saya sabbi. Ya sa mata suna W.Afate. Da Bowyer bai buɗe zanensa ba, da wannan bai yiwu ba.

Daga nan aka shiga zamanin zuzutawa. Jaridu suka ce kowane gida zai mallaki injin, kantuna za su rufe, har Shugaba Obama ya ambaci fasahar a jawabinsa ga majalisa a 2013. A shekarar Stratasys ta sayi MakerBot a kan kimanin dala miliyan 400, bayan MakerBot ɗin ta riga ta daina buɗe zanenta, abin da ya ɓata wa jama'ar RepRap rai ƙwarai. Ba a yi shekara biyu ba hannayen jarin kamfanonin suka rikito, aka sallami ma'aikata. Mutane sun sayi injin sun kai gida, suka tarar ba su iya zane a kwamfuta ba, kuma injin yana neman kulawar da ba a faɗa musu ba.

Wannan kulawar ita ce rayuwarmu ta kullum. Duk mai wannan aiki zai gaya maka cewa sahun farko shi ne komai. Za ka sunkuya ka zura takarda tsakanin bakin injin da farantin da ake gina abu a kai, kana juya noti a hankali har ka ji takardar tana ɗan gogawa. In ya yi nisa, robar ba za ta kama ba, ka dawo bayan awa biyu ka tarar da tulin zare a cukurkuɗe. In ya matse da yawa, bakin ya toshe. A ƙasarmu kuma akwai ƙarin jarrabawa da littattafan Turai ba su ambata ba. Aikin awa goma sha biyu, a ɗauke wuta a awa ta goma, shi ya sa ba ma kunna injin sai a kan batir da sola. Da damina zaren nailan yana shan laima daga iska, ka ji yana ƙara tas-tas a bakin injin, abin da ya fito kuma ya yi ramuka, dole ka gasa zaren a ɗan zafi kaɗan kafin aiki. Da hunturu ƙura tana manne wa zaren ta shige ciki, don haka muke ɗaura ɗan soso a hanyarsa yana share shi, iska mai sanyi kuma tana sa kusurwoyin abin da ake bugawa su ɗago daga faranti.

Idan ka daɗe a sana'ar za ka gane cewa injin ba shi ne babban al'amari ba, abin da ake zuba masa ne. Robar da aka fi amfani da ita, PLA, daga sitacin masara ko rake ake yin ta, tana da sauƙin bugawa, amma tana fara laushi da zafi ya kai digiri 60 ko ƙasa da haka kaɗan. Ka bar abin da aka yi da ita cikin mota a rufe a Sakkwato a watan Afrilu, ka dawo ka same shi ya lanƙwashe. ABS, irin robar da ake yin tubalan Lego da ita, ta fi jure zafi, sai dai tana tsukewa idan tana hucewa, tana kuma fitar da wari da bai kamata a shaƙa a rufaffen ɗaki ba. Akwai nailan da aka cakuɗa da gutsattsarin zaren kabon, mai ƙarfi da rashin nauyi, wanda ke cinye bakin tagulla cikin ɗan lokaci sai an sa na ƙarfe mai tauri. Kuma duk abin da aka gina sahu-sahu yana da rauni a mahaɗar sahun. Ka ja shi ta tsawon layukan ya riƙe, ka ja shi ta inda za a raba su ya ɓalle. Sanin ta wane gefe za a kwantar da abu a faranti, bisa inda nauyi zai faɗa masa idan ya shiga aiki, shi ne ke bambanta injiniya da mai danna maɓalli.

A ɓangaren ƙarfe kuwa Turai ce ta ja gaba. Kamfanin EOS da Hans Langer ya kafa kusa da Munich a 1989, da masu bincike na cibiyar Fraunhofer a Aachen a tsakiyar shekarun 1990, suka kai ga narkar da garin ƙarfe gaba ɗaya da leza. Arcam ta ƙasar Suwidin ta yi amfani da harbin lantarki a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, da injinanta ake gina ƙoƙon ƙugu na taitaniyam mai ƙananan ramuka da ƙashin mutum ke tsirowa ya shige ciki ya riƙe. Misalin da ya sa manyan masana'antu suka daina kallon abin a matsayin na gwaji kawai shi ne bakin fesa mai na injin jirgin sama samfurin LEAP. A da sassa 20 ake haɗawa da walda kafin a same shi. Injiniyoyin General Electric suka sake zana shi ya zama guda ɗaya, da hanyoyi a cikinsa waɗanda babu injin yanka da zai iya kaiwa gare su, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. Jiragen da ke ɗauke da shi sun fara jigilar fasinja a 2016, kuma zuwa 2021 masana'antarsu da ke Auburn a jihar Alabama ta fitar da guda 100,000.

Da aka so a gina abin da ya fi akwatin injin girma, sai aka ɗauko hannun mutum-mutumi irin na masana'antar motoci aka ɗaura masa kan walda ko bututun siminti. Da haka kamfanin MX3D ya gina gadar ƙafa ta ƙarfe mai tsawon mita 12, wadda aka buɗe a kan wani mashigin ruwa a Amsterdam a 2021. A shekarar ce kuma kamfanin 14Trees ya buga bangon wata makaranta a gundumar Salima ta Malawi cikin awa 18. Alaƙar firinta da mutum-mutumi ta bi ta ɗaya gefen ma, domin yau ɗaliban da ke koyon haɗa mutum-mutumi da firinta suke yin yatsu da gaɓoɓi da mazaunin motoci, su gwada da safe su canza da yamma.

Maganar kare muhalli tana buƙatar a faɗi gaskiya, domin an cika yi mata ado. Inda ribar take a fili take: a wasu sassan jirgin sama da ake sassaƙawa daga dunƙulen taitaniyam, kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfen yana tafiya a matsayin ɓarɓashi, gini sahu-sahu kuwa yana rage wannan asara sosai, kuma kowane kilo da aka rage wa jirgi mai ne da ba za a ƙona ba tsawon shekaru. Amma injin narkar da garin ƙarfe yana shan wuta sosai, yin garin kansa ma haka, garin taitaniyam da na alminiyam kuma suna iya kamawa da wuta. Ana tallar PLA da cewa tana ruɓewa, alhali ba ta ruɓewa sai a wurin takin masana'anta mai zafi da laima, in ka jefar da ita a bola za ta daɗe tana nan. Kwaɓin da ake buga gini da shi galibi ya fi kankare na yau da kullum yawan siminti, siminti kuwa yana cikin manyan masu fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. A ƙasar da ke da magina da yawa masu neman aiki, da jar ƙasa mai kyau, ban ga dalilin da zai sa mu yi gaggawar sayen injin buga bango ba.

Kullum ana tambayata ko za a iya mayar da ledar fiya wata zaren bugawa. Amsar ita ce da wuya, domin irin robarta ba ta kama faranti, kuma tana tsukewa ƙwarai idan ta huce. Gorar ruwan roba ita ce ke da alamar nasara: ana yanka ta siririn zare mai tsawo, a ja shi ta cikin baki mai zafi ya naɗe ya zama kamar igiya. Yana aiki, amma samun kauri iri ɗaya na milimita 1.75 daga farko har ƙarshe aiki ne na haƙuri, kuma a nan ne nake ganin ya kamata sassan nazarin sinadarai na jami'o'inmu su sa hannu.

Inda na fi ganin amfanin injin a wurinmu shi ne inda ya haɗu da sana'ar da muka gada. Masu zuba tukwanen alminiyam, irin waɗanda za ka gani a Panteka ta Kaduna da kasuwannin garuruwa da yawa, sun ƙware wajen danna samfuri cikin yashi mai laima, su zare shi, su zuba narkakken ƙarfen da suka samu daga gwangwanaye da tsoffin sassan mota. Abin da ke taƙaita su shi ne samfurin, domin sai abin da suke da irinsa a hannu suke iya zubawa. Idan aka kawo mana karyayyen marfin famfon ban-ruwa wanda babu shi a kasuwa, sai mu auna shi, mu zana, mu ƙara masa girma da ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin ɗari saboda alminiyam yana tsukewa in ya huce, mu ɗan karkata gefunansa don ya zaru daga yashi ba tare da ya rusa gurbin ba, mu buga shi da roba, mu goge. Maƙeri ya karɓa ya juya shi a hannu, sau da yawa ya ce, “Injiniya, nan wurin ya yi siriri, ƙarfe ba zai kai ba.” Kuma gaskiyarsa ne. Mu koma mu ƙara kauri, washegari a zuba. Manomi ya samu famfonsa cikin kwanaki, maimakon ya jira kaya daga ƙetare gonarsa tana bushewa. Irin wannan ne ya faru a lardin Brescia na Italiya a watan Maris na 2020, lokacin da wani asibiti ya rasa bawul na na'urar numfashi ana tsakiyar annobar korona, injiniyoyin wani ƙaramin kamfani mai suna Isinnova suka auna na asali suka buga kusan ɗari cikin kwana ɗaya.

Yau kuɗin ƙaramar firinta bai kai na wayar hannu mai tsada ba, zane-zanenta a buɗe suke, manhajojin zane irin su FreeCAD kuma kyauta ne. Abin da muke da ƙarancinsa shi ne matasan da suka iya riƙe ma'auni su auna abu daidai, su zana shi a kwamfuta, su kuma san halin roba da ƙarfe idan zafi ko nauyi ya hau su. Ina roƙon shugabannin kwalejojin fasaha da na kimiyya, idan an samu injin, kada a kulle shi a ofis ana jiran ranar baƙi. A ajiye shi inda ɗalibai za su taɓa shi, a haɗa masa batir da sola, a sa kuɗin zare cikin kasafin kowane zango, sannan a riƙa gayyato maƙera da masu walda da bakanikai na gari su zo da sassan da suka gagare su samu.